Maganar Mas'uda, Ki Bar Ta

Kuala Lumpur,
9 ga Janairu

Zuwa ga Gwaggo Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya sanyin Goronyo? Ya gwiwar da ke damunki? Ni lafiya lau nake, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa a garin nan. Ranar Juma'a na yi waya da Baba a Wurno, ya ce albasa ta yi kyau bana, ya kuma ce ƙanwarsa ta manta da hanyar gidansa. To, na isar da saƙo.

Gwaggo, albishirinki. Binciken da kika taya ni bara waccan, kan shaƙuwar uwa da abin da ke cikinta tun kafin ta haihu, wata mujallar likitoci ta karɓe shi. Za su sa shi a intanet, kowa ya karanta kyauta. Ba don ke ba da ban samu mace ko ɗaya ta buɗe mini baki ba, balle mata arba'in da biyu tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Kin tuna matan Rabah da na tambaye su ko suna magana da cikinsu? Wata ta ce, "In yi magana da wa? Ya ji Hausa ne tun yanzu?" Har yau in na saurari wurin sai na yi dariya.

Amma akwai abin da nake son shawararki a kai. Masu duba aikin sun ce abin da ya fi taɓa su shi ne maganar Mas'uda, ɗiyar ƙanen marigayi mijinki. Ga abin da ta ce, kamar yadda na ɗauki muryarta:

"Biyu na haifa, biyu na ga an fita da su cikin tabarma. Wanga in ya motsa sai in tashi in kama aiki. Ba ni bari in saba da shi, don in ya tafi kar ya tafi da ni."

Suna so in sa ta a farkon takardar. Ban rubuta sunanta ba, na kira ta mace ta goma sha bakwai. Sai dai na ambaci shekarunta, da cewa matar masunci ce a ƙasan madatsar ruwa, da cewa maza biyu ta haifa suka koma ranar haihuwarsu. Ta dangwala yatsa a takardar yarda kamar kowa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In sa, ko in cire? Kwana goma suka ba ni.

Ki gaishe ta, ki gaishe da mutanen gida.

Ɗiyarki,
Rumaisa

*

Goronyo,
15 ga Janairu

Rumaisa,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, gwiwa da sauƙi. Barka da wanga labari, Allah ya ƙara basira. A tsaye nake rubuta miki a bayan takardar asibiti, in ɗauki hotonta in turo, don ƙyanda ta ɓulla wajen ƙauyukan gulbi, yau kwana shida muna yawon rigakafi. Haihuwa uku kuma na karɓa jiya.

Mas'uda tana lafiya. Ɗiyarta Sharifa, wadda take ɗauke da cikinta lokacin da kinka zo, har ta fara gudu, ba ta barin kajin gida su huta.

Maganar Mas'uda kuwa, ki bar ta.

Ki ce wa Yaya ina nan zuwa Wurno in aiki ya lafa. Ga mota tana jira.

Gwaggonki,
Sa'adiya

*

Kuala Lumpur,
20 ga Afrilu

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙyanda ta wuce, kuma zafin bana bai matsa muku ba. Ni dai alhamdu lillahi.

Takardar ta fito tun farkon watan jiya. A gefen shafin akwai wani ɗan akwati da ke nuna yawan waɗanda suka buɗe ta. Malamata ta ce irin wannan aiki in ya samu mutum ɗari biyar a shekara an gode Allah. Gwaggo, yau da safe dubu tara da ɗari biyu ne. Kunya nake ji in faɗa miki sau nawa nake dubawa a yini. Akwai kuma taswirar duniya, duk ƙasar da aka karanta sai ta yi duhu. Har ƙasashen da ban san sunansu ba.

Kuma maganar Mas'uda ce ta jawo su. Wata likita ta yanko ta ta sa a shafinta, daga nan ta bazu. Wata mata ta rubuto mini daga Brazil, ta ce ita ma biyu ta rasa, shekara goma sha ɗaya tana ganin kanta muguwar uwa, sai da ta karanta kalaman wata baƙuwa a bakin wani gulbi ta gane tsoro ne ya riƙe ta. Na yi kuka da na karanta. Wata unguwarzoma a Kenya ta ce yanzu tana tambayar duk mai cikin da ta taɓa rashi yadda zuciyarta take, ba awon jini kaɗai ba. Na gode da kika ce in bar ta. Da na cire, da duk wannan bai faru ba.

An gayyace ni in yi jawabi a wani taro a watan Satumba. Kuma jiya na ga wani shafin labarai na Hausa a Fesbuk ya fassara wani ɓangare. Ban karanta duka ba, amma na ji daɗi abin ya iso gida.

Ki gaya wa Mas'uda maganarta tana warkar da mutane a inda ba ta taɓa zuwa ba.

Ɗiyarki,
Rumaisa

*

Kuala Lumpur,
11 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Wata biyu ke nan ban ji daga gare ki ba, in na kira wayarki a kashe. Baba ya ce kin je Wurno ta'aziyya kin koma a ranar, kuma lafiyarki ƙalau. To mi ya faru? In wani abu na yi, ki faɗa mini.

Masu karatu sun haura dubu talatin. Na so in ji mi Mas'uda ta ce.

Rumaisa

*

Goronyo,
6 ga Yuli

Rumaisa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Allah ya sa kema lafiya kike.

Wayata ta faɗa gulbi tun cikin Afrilu, muna tsallakawa a kwalekwale. Sai makon jiya na samu wata, wasiƙunki biyu sunka shigo tare. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na so da na ari waya tun tuni. Ban san da wane baki zan yi miki magana ba.

Kin ce kin gode da na ce ki bar ta. Na karanta wanga layi na ajiye wayar, na daɗe zaune. Ɗiyata, ni cewa na yi ki bar ta, ki rabu da ita, ki cire. Ban taɓa kawowa a raina za ki ji shi ta wancan gefen ba.

Ga abin da ya faru. Cikin watan Mayu, ranar kasuwa, masunta na zaune inda suke sayar da kifi. Almustapha, wani dillalin albasa da ba ya rabuwa da waya, ya ce su saurara su ji abin da Turawa ke karantawa a kan matan Goronyo. Ya karanta da ƙarfi. Shekara ashirin da huɗu, matar masunci, ƙasan madatsa, maza biyu sun koma ranar haihuwa. Rumaisa, gida nawa ne a unguwarsu? Kafin ya kai ƙarshe kowa ya juya yana kallon Attahiru, mijinta.

Kuma ba abin da ta faɗa anka karanta ba. Ke kin mayar da maganarta Turanci, shi mai shafin ya dawo da ita Hausa yadda ya ga dama. Abin da ya rubuta shi ne: "Ba na son abin da ke cikina, in ya motsa sai in ji haushi." A ƙasa mutane sun fi dubu suna ta rubutu. Wasu na yi mata addu'a, wasu na cewa ta butulce wa Allah, wani ma ya ce a bincika yadda na farkon sunka mutu.

Attahiru ya tattara kifinsa ya tafi. Kafin la'asar magana ta riga shi zuwa gida. Uwarsa, Inna Zinariya, ta ɗauke Sharifa ta kai ɗakinta, ta ce yarinya ba ta kwana wurin wadda ba ta so ta ba tun tana ciki. Sai da anka yi kwana tara kafin ta mayar da ita.

Ranar Talata ta gaba, ranar awon ciki, Mas'uda ta shigo asibiti. Wani cikin gare ta, lokacin wata uku. Ba ta zauna a layi ba. Ta zo gaban teburina ta ajiye katinta.

Na ce, "Mas'uda, zauna in auna ki."

Ta ce, "Inna, ke kinka ce ɗiyarki ce. Kinka ce abin da na faɗa a ɗakin nan zai tsaya."

Na ce, "Haka na ce."

Ta ce, "To bai tsaya ba." Ta juya ta fita.

Ba ta sake dawowa ba. Ba ita kaɗai ba ma. Daga unguwarsu mata goma sha huɗu ke zuwa awo, yanzu biyar. Waɗanda ke zuwa ɗin, in na tambayi mace ya jiki sai ta ce lafiya, ko da ƙafarta ta kumbura kamar turmi. Ɗaya ta dubi aljihun rigata ta ce, "Babu na'ura ciki dai ko?" Shekara ashirin da shida ina wanga aiki, ba a taɓa yi mini wagga tambaya ba.

Kin ce in gaya mata maganarta tana warkar da mutane. Ban gaya mata ba.

Gwaggonki,
Sa'adiya

*

Kuala Lumpur,
9 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki. Kwana uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa.

Na koma na duba hoton takardarki ta Janairu. Kalma uku ne, kuma yanzu duk yadda na juya su abin da kike nufi nake gani. Zan iya cewa kuskuren fahimta ne, kowa ma zai yarda. Amma gaskiyar ita ce, ranar da na karanta sai da na tsaya. Na ce a raina, wannan bari wane iri ne? Wayata na hannuna, minti ɗaya ya isa in kira ki. Ban kira ba, don ina tsoron amsar. Na zaɓi ma'anar da nake so na aika wa mujalla a daren. Ko babu wasiƙarki ma, ni 'yar Wurno ce, na san yadda unguwa take. Na san in an ce matar masunci mai 'ya'ya maza biyu a kabari, an faɗi suna. Malamata ba ta san haka ba, masu duba aikin ba su sani ba. Ni na sani.

Ga abin da na yi. Na rubuta wa mujallar, sun yarda za su cire shekarunta da sana'ar mijinta da sunan wurin, amma sun ce sai an bi matakai, zai ɗauki makonni. Na samu mai shafin Fesbuk ɗin, na nuna masa ainihin maganar. Ya ba da haƙuri ya goge. Sai dai kafin nan wasu shafuka sun kwafa, na ƙirga bakwai na daina ƙirgawa. Biyu sun amsa mini, sauran shiru. Na kuma ce wa masu taron Satumba ba zan zo ba. Na san wannan ba ya ƙara wa Mas'uda komai.

Muryarta tana nan wurina. In kin ga ya dace, sai in turo miki, a sa wa Attahiru da Inna Zinariya su ji da kunnensu cewa ba ta ce ba ta so ba. Har akwai wurin da ban sa a takarda ba, inda ta ce ta ɓoye wani ɗan zanen goyo a ƙasan akwati, ba ta bari ko ita kanta ta dube shi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne awon. Kin taɓa ce mini cikinta na biyu da hawan jini ya zo. Don Allah Gwaggo, ko ba za ta zo ba, ki je.

Ɗiyarki,
Rumaisa

*

Goronyo,
2 ga Agusta

Rumaisa,

Na samu wasiƙarki. Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai. Gwiwa ce dai ta tashi da damina.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba. Kin tambaye ni magana mai nauyi, na amsa miki a tsaye da kalma uku don mota na jirana. Kuma ni na kama hannunta na kai ta gabanki.

Na je. Kabu-kabu ya kai ni bakin ruwa, daga nan na shiga kwalekwale. Na ishe ta tana banda kifi a bayan ɗaki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa. Na dubi ƙafafunta, sun ɗan tasa. Na fito da abin awon jini daga jaka.

Ta ce, "Inna, mayar da shi."

Na ce, "Hannu kawai za ki miƙo. Ba ni rubuta komai."

Ta ce, "Wancan karon ma baki kawai na buɗe."

Na kawo maganar muryar, na ce kin ce a sa wa mutanen gida su ji gaskiya. Nan ne na ga ranta ya ɓaci. Ta ce, "Wato har yanzu tana wurinta? Kuma a sake kunna ni a tsakar gida, ina zaune, mutane na saurare? Ku dai ba ku gajiya da raba ni da bakina." Na mayar da abin awon jini cikin jaka.

Wani abu na lura da shi. A igiyar shanya akwai 'yan riguna na jariri guda uku, sababbi, alhali cikin nata wata shida ne kawai. Kin san mu ba mu yin haka. Na tambaye ta, ta ce Inna Zinariya da maƙwabta sun sa mata ido, kowa na jira ya ga ko wanga ma ba ta so. Shi ya sa ta ɗinka ta shanya inda kowa zai gani.

Da zan tafi Attahiru ya ce shi zai tsallakar da ni. Muna tsakiyar ruwa ya daina tuƙi. Ya ce, "Inna, ni ban yarda ta ce ba ta son ɗiyarta ba. Na ga yadda take da Sharifa. Abin da ke cina daban ne. Ni na ɗauki yaran nan biyu da hannuna na kai su. Shekara shida muna ɗaki ɗaya, ba ta taɓa ce mini tana jin tsoro ba. Sai a kasuwa na ji, a bakin Almustapha, bayan mutanen duniya duk sun riga ni."

Na ce masa, "Kai ka taɓa gaya mata naka tsoron?" Ya ci gaba da tuƙi.

Kafin in sauka na gaya masa alamomin da zai lura da su: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska. Na ce in ya ga ɗaya kar ya jira kowa. Na ba shi lambata. Ya yi alkawari zai lallashe ta ta je awo ko da a Rabah ne, wurin ƙanwar uwarta, inda ba a san ta ba.

Kar ki turo muryar.

Gwaggonki,
Sa'adiya

*

Sakkwato,
14 ga Oktoba

Rumaisa,

Ina gaishe ki. Na ga saƙonninki duka, ban samu zama ba sai yau. Daga babban asibiti nake rubutowa. Ki yi haƙuri da abin da za ki karanta.

Mas'uda na da rai, tana samun sauƙi. Yaron bai tsaya ba.

Ta je awo Rabah sau ɗaya cikin Agusta, anka ce jininta ya ɗan hau, anka ba ta magani, anka ce ta dawo bayan mako biyu. Sai ruwa ya ƙaru, hanya ta yanke, ba ta koma ba. Asibitinmu kuwa yana nan kusa, ko da ruwa ana zuwa. Na sake zuwa gidan sau biyu, ta ce mini tana shan magani, ashe ya ƙare tun tuni.

Ranar Laraba da hantsi Attahiru ya kira ni, ya ce tun jiya tana kukan kai, yanzu ta ce ba ta gani sosai. Kafin in isa bakin ruwa jijjiga ta kama ta. A kwalekwale sunka kawo ta, mata biyu na riƙe da ita. Na yi mata allurar da nake da ita, munka sa ta mota. Hanyar da muke yi cikin awa biyu sai da ta ci mana kusan huɗu saboda laka. Anka yi mata aiki anka ciro namiji, ɗan ƙarami, wata takwas. Ya yi kwana biyu cikin kwalba. Attahiru ya yi masa huɗuba da Khalid. Ranar Juma'a da safe ya koma.

Na san abin da za ki tambayi kanki, don ni ma shi nake tambaya. Rai na Allah ne, kwanansa biyu ne a rubuce. Na ga matan da ba su taɓa fashin awo ba sunka rasa. Amma ni unguwarzoma ce, na san abin da awo duk mako da ƙwayar magani ke tarewa. Ba zan ce miki ke kinka jawo ba, ba zan kuma ce miki babu ruwanmu ba. Mu roƙi Allah gafara, ni da ke.

Inna Zinariya na nan, ita ke wanke mata kaya, ba ta ko iya haɗa ido da ita. Attahiru bai bar bakin ƙofar ɗakin ba tun da munka zo.

Jiya Mas'uda ta ce in kawo takarda, tana da saƙo zuwa gare ki. Na rubuta yadda ta faɗa, na karanta mata sau biyu, ta ce haka ne. Ga shi a ƙasa.

Gwaggonki,
Sa'adiya

*

Yaya Rumaisa,

Ina gaishe ki. Jiki da sauƙi, ido ya fara washewa. Inna Sa'adiya ta ce kin yi ta tambayata, na gode.

Inna ta gaya mini yawan mutanen da sunka karanta maganata. Ban san iyakar wagga lamba ba, ta ce sun fi mutanen unguwarmu sau ɗari. Ta kuma ba ni labarin matar nan ta wata ƙasa mai nisa da ta rasa biyu. Na yi mata addu'a. In kina da hanya ki ce mata ina yi mata gaisuwa, amma kar ki faɗi ko ni wace ce.

Ranar da kinka zo, na yi magana ne don na ga kin zauna ƙasa tare da ni, kuma ba wanda ya taɓa tambayata. Da na fita na ji kamar an sauke mini kaya. Ban san takardar da na dangwala wa yatsa ta kai har kasuwa ba. An karanta mini ita, amma ni Inna nake kallo, ba takarda ba.

Ina so ki san abu ɗaya, ke kaɗai. Wanga karon na saba da shi. Da farko don idon mutane na ɗinka rigunan, daga baya sai na ishe kaina ina yi masa magana in ina banda kifi. In ya motsa ba ni tashi. Shi ya sa yanzu abin ya fi na baya zafi. Amma da anka kai ni bakin kwalbar na sa yatsa ya riƙe, ban ji baƙo ne ba. Biyun farko ko fuskarsu ban yarda na duba ba. Ban san wanne ya fi ba. Kar ki rubuta wannan.

Ni da Attahiru mun yi magana. Ashe shi ma duk cikin da na ɗauka ba ya iya barci.

Abu biyu nake roƙo. Ki goge muryata, ki gaya wa Inna ranar da kinka goge. Na biyu, matan unguwarmu sun daina zuwa awo, kuma akwai masu ciki huɗu, ɗaya ƙanwar Attahiru ce. Ni zan yi musu magana in na koma, don na ga abin da zama gida ya yi mini. Amma ke ma in kin dawo ki zo ki tsaya gabansu ki faɗi da bakinki cewa ke kinka fitar da maganar, ba Inna ba. Ita suke gani kullum, ita suke ƙi.

Kin aiko a ce in yafe miki. Ban iya ba tukuna, ba kuma zan yi miki ƙarya ina kwance a gadon asibiti ba. Ki zo dai. Ki zo ki yi mini gaisuwar Khalid kamar yadda 'yan'uwa ke yi, sauran sai mu gani.

Mas'uda